Ranar da Matar Baban Zare Ta Zo Ma'aikata

A ma'aikata Baban Zare suke ce masa. Tun gashinsa na baƙi yake tsaye a gindin tanderu, sandar gilashi mai duhu tana narkewa a sama, shi yana jawo ta har ta sirance kamar gashin kai, yana naɗewa a ganga. Zaren nan haske yake ɗauka, wani haske da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, ya kai shi kan naman jiki. Maiƙo ya sha nasa rabon, ruwa ya sha nasa, abin da ya dawo kwamfuta ta zana shi da launi, likitoci su duba ƙwayoyin jikin.

Ya yi wa matarsa wannan bayani har bakinsa ya gaji. Ba ta taɓa yarda ba.

"Haske amma ba a gani? Baban yara, in gadi kake yi ka faɗa mini, ai ba abin kunya ba ne."

Abin yana ci masa rai, ga ritaya ta matso. Sai ya daina bayani, ya roƙi likitar da ke gwada zaren ta bar shi ya kawo matar tasa.

Ranar ya goge takalmi, ya saka riga a baibai, sai a mota aka gaya masa. Da suka shiga ɗakin gwaji ya hau gabatar da ita ga kowa, har da wanda ya zo gyaran fanka.

"Mama, kawo yatsa," in ji likitar.

"Zai yi zafi?"

"Ko kaɗan."

Aka ɗora bakin zaren a fatarta, ana matsar da shi kaɗan-kaɗan. Allon kwamfuta ya fara cika, rawaya nan, shuɗi can. Baban Zare ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, yana tafi, yana dariya ba dalili.

"Kin gani? Kin gani, tsohuwa?"

"Kai, yi mini shiru! 'Yar nan, rawayar mece ce?"

"Maiƙon fatarki ne, Mama."

"To shuɗin fa?"

"Nan ta bushe."

"Wanki ne. Wankin kayan wannan mutumin." Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allo. Ta miƙa ɗaya hannun, inda ta taɓa ƙonewa, aka duba. Can sai ga ta tana cire takalmi, wai a ga fason dunduniyarta.

Likitar ta sunkuya tana dariya, matar ta dakatar da ita.

"A'a, huta. Baban yara, zo ka riƙe zaren da kanka. Ba kai ka yi shi ba?"

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Sai da ya share ido da hannun riga kafin ya iya ganin dunduniyar.