Lambar Baba a Ƙarshen Jeri

Auta ake ce mata har yau, alhali 'ya'yanta uku. A shagon kujerun da mahaifinsu ya bari, ita ke kula da shafin intanet, a kan wani ɗan teburi da ke maƙale tsakanin tulin soso da injin ɗinki. Tana da wani jan littafi. Kowace Litinin takan jera gyare-gyaren mako: hoton da ya ƙi buɗewa, kujerar da aka daina yi amma tana nan a shafi, rubutun da ya karkace a waya. Dokarta ɗaya ce, abin da zai kori mai saye a sama, kwalliya a ƙasa. Ko Yaya Babba, wanda ke riƙe da shagon yanzu, in ya zo da maganar sauya launin tambari, sai ta ce, "Yaya, a bi layi."

Amma akwai aiki ɗaya da bai taɓa bin dokar nan ba: "Canza lambar Baba." Maɓallin tura saƙo na shafin har yanzu wayar marigayin yake kaiwa. Aikin minti biyu ne. Wata huɗu ke nan tana kwafe shi zuwa ƙarshen sabon jeri, tana lallashin kanta cewa ai mai son kujera da ƙafarsa yake zuwa. Gaskiyar magana, hannunta ne ya ƙi.

Ran Alhamis da hantsi Yaya Babba ya tsaya a kanta, fuska ba annuri.

"Aiki ya tsaya cak. Gobe zan sallami Baba Kafinta."

"Haba Yaya! Aminin Baba fa? Shekara talatin?"

"To me zai ƙera? Iska?"

Bangon katako ne kawai tsakaninsu da wurin aiki. Ƙarar zarton da ake ji tun safe ta ɗauke.

Auta ta duba ƙididdigar masu shiga shafin. Ba su ragu ba ko kaɗan. To ina suke zuwa? Idonta ya sauka kan layin ƙarshe na littafin. Ko jaka ba ta ɗauka ba ta fita.

A gida ta tarar da Inna tana ninkin kaya.

"Inna, ina wayar Baba?"

"Me za ki yi da ita?"

"Don Allah, Inna."

Tsohuwar ta buɗe durowa ta zaro wayar daga cikin hularsa. Auta ta jona caji, ta durƙusa a gaban soket tana addu'a. Allo baƙi ƙirin. Minti ɗaya, biyu, biyar. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Can wayar ta farka, ta hau kakkarwa a kan tabarma ba ƙaƙƙautawa.

Saƙo hamsin da biyu. Wata shugabar makaranta ta nemi benci arba'in, ta yi tuni sau uku, a na huɗu ta ce ta ba wani. Wani tsohon mai saye ya rubuta, "Alhaji, shiru? Ba halinka ba ne." Na ƙarshe mai masaukin baƙi ne, yana son kujerun ɗaki shida, ya ce zai jira amsa zuwa Juma'a, wato gobe.

Ta koma shago, ta ajiye wayar da littafin a gaban Yaya Babba. Baba Kafinta na tsaye a bakin ƙofa, har ya fara ɗaure kayan aikinsa a buhu.

"Laifina ne, Yaya. Na sani tun farko. Na kasa cirewa ne."

Yaya Babba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga tsagar da ke jikin allon wayar, wadda duk gidan suka sani. Ya juya baya. "Kira mai masaukin," ya ce. "Baba, a kwance buhun nan."

Auta ta buɗe shafin, ta kai yatsa kan lambar, ta sake tsayawa. Tsohon ya matso, ƙurar katako na zuba daga gemunsa.

"Goge, 'yata," ya ce. "Babanki bai taɓa barin mai saye a tsaye ba. Wata huɗu kin sa yana yi."

Ta goge.