Allurar Baƙuwa

Dogo mai gyaran takalmi, Allah ya jiƙansa, shekara talatin ya yi a rumfa ɗaya a bakin titi. Karatunsa bai yi nisa ba, amma bai taɓa mance ranar rigakafin karyarsa Baƙuwa ba. Har ranakun dabbobin maƙwabta a kansa suke. Ka kai masa ɗinki, kafin ya soka allura sai ya ce, "Kyanwar nan taku an ba ta maganin tsutsa kuwa, ko sai ta rame kamar kai?" Mu abokansa likita marar asibiti muke ce masa. Dariya kawai yake yi.

Jinyar kwana tara ta raba mu da shi.

Bayan wata biyu mai gidan haya ya tare matarsa a tsakar gida. "Ki yi haƙuri, katin rigakafin karyar nan ya ƙare, kuma akwai yara a gidan nan. In ba a sabunta ba zuwa ƙarshen mako, sai ta bar gidan."

Ita kuwa tunda take ba ta taɓa shafa Baƙuwa ba, don tsoro. Abinci ma da ƙafa take tura mata kwanon. Ƙaninta ya ce, "Yaya, ki ba da ita mana, ki huta."

Ta ce, "Kullum da yamma tana bakin ƙofa tana jiransa. Ni ma haka. Wa zan ba?"

Washegari ta ja ta zuwa asibitin dabbobi. Suna shiga Baƙuwa ta shige ƙarƙashin benci tana gurnani. Likita ya ajiye sirinji ya ce, "Mijinki ba ya danne ta. A ƙasa yake zama, ya ɗora kanta a cinyarsa, ya rufe mata ido da tafin hannu, ya yi ta ba ta labarin masu takalmi."

"Ni fa ko kunnenta ban taɓa taɓawa ba, likita."

"To yau za ki fara."

Ta zauna a kan siminti. Ta ce, "Baƙuwa, zo. Ni ban iya labarinsa ba. Mu biyu ya bari, ki taimake ni."

An daɗe kafin karyar ta fito ta kwantar da kai. Allura ta shiga, ko motsi ba ta yi ba.

Likita ya buga hatimi a sabon kati, ya ce, "An gama, ki kai wa mai gidan."

Ta ce, "To, bari mu ɗan ƙara zama."