Hannun da Ya Ƙaryata Kyamara

Babu gashi ko ɗaya a bayan hannun hagun Kuwabara Shigeo. Shekara talatin da takwas, duk jirgin ƙasan da ya hawo tasharmu ta kan dutse, sai ya cire safar wannan hannu, ya bi ƙafafun jirgin ɗaya bayan ɗaya yana kara shi a murfin boris, ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansa. Ƙarfe in ya goge ƙarfe ba giris, zafi yake haifarwa, kuma da fatarsa yake jin wannan zafin.

Bara aka kawo kyamara mai ganin zafi, aka danƙa ta ga Injiniya Terada. Abokan aiki suka shiga tsokana, wai Baba ya mayar da hannunsa aljihu, an samo masa magaji.

Ranar sharar ƙarshen shekara, ma'aikata suka wanke jirgin da zai sauko da masu ziyarar wurin ibada. Don ƙwazo, har suka kankare tsohon fentin murafan, suka goge su suna sheƙi. Washegari da hantsi, bayan jirgin ya sake hawowa, mutum ɗari biyu na ciki, Terada ta haska ƙafafun. Ko'ina shuɗi a fuskar kyamarar, alamar sanyi, digiri huɗu. Shugaban tasha ya ɗaga tutar tashi.

Kuwabara ya kara hannu a ƙafa ta shida, ya janye. Ya ce jirgin ba zai tashi ba.

"Baba, kyamara ta ce sanyi ƙalau," in ji shugaban. "Ko tsufa ne ya fara dumama maka hannu?"

Kuwabara ya yago baƙin salatif ya manna a murfin. "'Yata, sake dubawa."

Terada ta duba. Salatif ɗin ya yi fari fat a fuskar kyamarar: digiri ɗari da goma. Sai a lokacin ta tuna abin da ta karanta a jami'a. Fenti da roba suna nuna zafinsu, amma gogaggen ƙarfe madubi ne. Sanyin dusar ƙanƙarar da ke ƙasa kyamarar take gani. Da aka buɗe murfin, giris ya ƙone, boris ya tsage biyu. Gangaren da ke gaba kilomita tara ne. Terada ta zauna a kan dakali.

Baba Kuwabara, kai ne ka tsaya gaban tuta da hannu ɗaya. Mutum ɗari biyu sun ci tuwon shinkafar sabuwar shekara a gidajensu, babu wanda ya san sunanka. Mun gode. Duk wanda aka ba na'ura a wannan layi, ya riƙa taɓa ƙarfen kafin ya gaskata ta.

Jiya aka yi masa walimar ritaya. Shugaban tasha na tsakiyar ba da labarin, sai Terada ta waiga. Kuwabara ya ajiye mata ragowar salatif ɗin kusa da kofinta, ya sa safa a hannun hagu, ya ja ƙofa a hankali.