Rigar da Ba a Wankewa

Maƙwabciyata a unguwar Ɗan Iya tana kiwon rago, kuma kullum da safe sai ta jiƙa masa dusa da kanwa. Warin nan yakan tsallako katanga ya same ni ina haɗa wa yara abin karyawa. Ita baiwar Allah ba ta san abin da take yi mini ba. Da na shaƙe shi sai in ji kamar ina tsaye a bakin barga da sanyin safiya, hannun wani tsoho a kafaɗata. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, amma hanci bai san an girma ba.

Tsohon nan kakana ne, mahaifin babana. Yana da 'yar gona a hanyar Zungur, kuma ba don noma aka san ta ba, don dawaki ne. Kada ka ɗauka wani babban wuri ne. Barga ce mai ɗaki uku da rufin kwano, sai tsamiya guda, sai fili zagayayye da aka kewaye da itatuwa. Goɗiya biyu, da wani tsohon doki mai sanyin hali wanda ko akuya ba ta tsoronsa. Aikin Kaka shi ne horar da dukushi, wato ɗan doki da ba a taɓa hawa ba, da gyara dawakin da masu su suka ɓata wa hali. Duk dogon hutu na damina Baba yakan sa ni a tasi a kai ni can. Ina sauka Kaka zai fara: ga uwargida ta iso, wadda ba ta iya ko dama kunu ba, shi kam sakin ta zai yi kafin la'asar. Ni kuma in ce wa zai zauna da miji mai warin doki.

Warin kuwa gaskiya ne, kuma shi ne sirrin aikinsa. Kaka yana da wata tsohuwar taguwa, shuɗiya ce a da, wadda ba a yarda ruwa da sabulu su taɓa ta ba. Yakan sa ta ya yi aiki har gumi ya jiƙa ta, sa'an nan ya rataye ta a jikin turken dukushi. Dukushin ya kwana da ita, ya ci harawa a gefenta, ya goga hancinsa a jikinta, har warin tsohon ya zame masa ɗaya da warin abinci da barci. Yakan ce doki da hanci yake sanin mutum kafin ido. Bayan riga sai ragama ta igiya mai laushi, bayan ragama sai talala, yana tsaye a tsakiyar fili dukushi na zagaya shi. Linzami kuwa, ƙarfen nan mai nauyi da ake sa wa doki a baki, ba ya kusantar bakin dukushi sai ya gama famfara, wato canza haƙoran nono. Ko wa ya zo da gaggawa, amsa ɗaya ce, sauri kan haifi nawa.

Ni abin da ya koya mini kunne ne. Mukan zauna a gindin tsamiya ya ce in karanta masa doki. Kunnuwa a gaba, yana marhabin. Ɗaya gaba ɗaya baya, yana shawara. Idan kuwa suka kwanta a baya suka manne da wuya, to ko uwarsa ce ta tsaya inda take. Na iya wannan karatu tun ina shekara tara, ina kuma alfahari da shi fiye da na makaranta.

Akwai Baffa, ƙanin babana, autan gidan. Ba mugu ba ne, kuma ina so ka riƙe wannan, don ni kaina na sha mantawa. Ya iya hawa, zamansa a kan sirdi abin kallo ne. Shi ya ƙirƙiro koyarwar ranar Asabar, inda 'ya'yan ma'aikata da na hafsoshin barikin Shadawanka suke zuwa a ɗora su kan tsohon dokin nan, a koya musu riƙe ragama da sa ƙafa a likkafa. Iyayen kuma su tsaya a inuwa suna tambaya a kan nasu dawakin. Abin da ke cin Baffa shi ne, shi zai wuni yana gumi a fili, amma da tambaya ta taso sai kowa ya juya wajen tsoho. Shekararsa talatin, ana ce masa yaron malam.

A daminar da nake ba ka labari akwai wani dukushi baƙi wuluk, ɗan babbar goɗiyar gidan. Shekararsa biyu, bai fara famfara ba. Kaka ne ya karɓi haihuwarsa, kuma ban taɓa ganin ya so wata dabba kamarsa ba. Idan tsohon ya doso barga, tun bai ɓullo ba za ka ji dukushin yana wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa. Kowa banda Kaka sai dai kallo daga nesa. Ko Baffa in ya matso, sai ya ja da baya iyakar igiya.

Sai yanar ido ta matsa wa Kaka, aka sa ranar yi masa aiki a asibiti cikin gari, aka ce zai zauna gidanmu mako uku. Ranar tafiya ya rataye taguwar a turke da hannunsa, ya ce da Baffa a ba baƙin abinci da ruwa, a bar shi da rigarsa, kada a ƙara komai.

Asabar ta farko wani hafsa ya tsaya ya daɗe yana kallon dukushin. Ya tambayi Baffa ko an fara sa masa linzami, Baffa ya ce tukuna. Mutumin ya yi dariya ya ce ai ya sani, sai malam ya dawo. Da wasa ya faɗa, amma na ga yadda wuyan Baffa ya ƙage.

Ranar Talata Inna, matar Kaka, ta tafi suna cikin ƙauye. Hadari ya haɗu ta gabas tun azahar, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa, gari ya yi tsit har kaji sun shige akurki. Ina kan reshen tsamiya na ga Baffa ya fito da linzami. Sau uku yana matsawa dukushin na kaucewa. Sai ya tsaya, ya dubi turke, ya miƙa hannu ya zare taguwar Kaka ya zura a jikinsa.

Har yau wannan ne ya fi ci mini rai. Dukushin ya ɗaga hanci, ya shinshina, kunnuwansa suka miƙe gaba, ya yi 'yar haniniyar nan tasa, ya tako da kansa ya sa goshi a ƙirjin rigar. A nan Baffa ya damƙe shi ya cusa ƙarfen. Abin da ya biyo baya ba na son tsawaita shi. Dukushi ya tashi tsaye, Baffa ya fizgi linzami, ya sake tashi, ya sake fizga, har kumfar bakinsa ta koma ja. Da ƙyar ya cire ƙarfen, a daidai lokacin da ruwa ya kece.

Da ya ɗaga kai ya gan ni, bai yi mini tsawa ba. Da ma tsawar ya yi. Ya sauko da ni, ya durƙusa, ya ce likita ya hana a ɓata wa Kaka rai, in jininsa ya hau idon zai lalace gaba ɗaya. Ya ce bakin doki kwana bakwai ne ya warke.

"Kina so kakanki ya makance?" in ji shi.

Na ce a'a. Akwai jini a hannun rigar, kuma ba a wanke ta, don haka ni na ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa na murje wurin har ya saje da sauran dattin. Da hannuna na mayar da ita turke.

Bakin ya warke kamar yadda Baffa ya faɗa. Amma daga ranar dukushin bai ƙara kwanciya kusa da rigar ba. Yakan ja igiya iyakarta ya tsaya a ɗaya gefen, ko da a nan ne ruwa ke zuba ta ɓular kwano. Harawar da aka zuba ƙarƙashin rigar sai ta wuni ba a taɓa ba. Ya daina haniniya gaba ɗaya. Wata safiya muka tarar da taguwar a ƙasa, a yayyage, an tattake ta cikin kashi. Inna ta daɗe tana kallon ta, ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta soya waina ta raba sadaka don a nema wa malam tsari. Ni na kai wainar gida-gida, ina sane da abin da ya sa ruwan ya yi tsami. Tsoro nake ji, irin wanda ke hana yaro cin tuwo, Inna har ta jiƙa mini sabara wai ko ciwon shawara ne.

Kaka ya dawo ranar wata Alhamis da yamma, da baƙin tabarau, ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan kuma dishi-dishi. Aka ce masa akuya ce ta ja rigar. Ya yi dariya ya ce ba komai, ga mai rigar ya zo da kansa.

Washegari bayan an yi ruwan asuba, Inna na jiƙa dusa da kanwa, ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce uwargida ta kai shi wajen ɗansa, wato baƙin dukushin. Na ce ƙasa da santsi, mu bari sai gobe. Ya ce mako uku yana jin warin asibiti, ba zai ƙara kwana ba. Muka tafi a hankali. Baffa na tsaye can wajen fili da bokiti a hannu, ya kafe kamar an dasa shi. Barga shiru, ban da ɗigar ruwa daga kwano. Kaka ya tsaya inda ya saba tsayar da yara, ya saki kafaɗata, ya karkata kai yana sauraro.

"Yau babu gaisuwa? Uwargida, karanta mini. Ina kunnuwansa suke?"

A kwance suke, manne da wuya. Hancinsa a buɗe yana jan iska, kuma iskar daga wajenmu take zuwa. Na buɗe baki, sai na dubi Baffa, na tuna idon. In na faɗa, zai tambayi dalili. Numfashi biyu kawai na yi ina wannan shawara. Kaka ya ce yau kuma bakin tsiwar ya mutu, ya miƙa hannu ya taka gaba.

Na yi ihu, amma dukushin ya riga ya juya ya shure shi da ƙafafun baya. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an sare ɗanyen rake. Ana cewa baki shi ke yanka wuya. Ni dai shiru na ga ya karya ƙashi.

Ƙugunsa ne ya karye. Aka yi asibiti, aka yi ɗori, ya tashi da sanduna biyu, bai kuma sake taka likkafa ba. Idon da aka ce in kare masa ya warke sarai. 'Yan'uwa suka taru suka ce a sayar da mugun dokin nan. Sai da aka watse Kaka ya kira ni bakin gadonsa ya tambaye ni abu ɗaya: wa ya sa rigarsa. Ban san yadda ya gane ba. Na faɗa masa duka, har da ƙasar da na murza, ina kuka kamar raina zai fita.

Da na gama sai ya ce, "Ba za a sayar da shi ba. A saninsa ni na yi masa." Ya lalubo kaina ya dafa. "Ke kuma, idonki na ara ranar, na manta ban haɗa da bakin ba."

Abin da ya gaya wa Baffa ban ji ba. Na dai san Baffa ne ya ci gaba da horar da baƙin, kuma sai da ya shekara biyu kafin ya sake nuna masa ƙarfe. Dokin ya yarda da shi daga baya, don ba warinsa ya riƙe ba. Wannan rashin adalci ya daɗe yana ƙona ni. Kaka kuwa, duk ranar da iska ta kai warinsa barga, sai kunnuwan nan su kwanta, dokin ya bar cin abinci. Saboda haka kowace safiya, sauran shekaru shida da ya yi a duniya, sai an duba masa inda iska take kafin a ajiye kujerarsa, a can gefen da ba za ta kai shi ga dokin ba. Daga nan yake zama yana kallon ɗansa na cin harawa.

Yanzu gonar ta zama filoti, an sare tsamiyar, wani ya gina shagon bulo a inda bargar take. 'Yata ta matsa sai da na sa ta a wani wurin koyon hawa a bayan gari, inda yara ke sa hular kwano, masu koyarwa kuma duk rigarsu iri ɗaya, wankakkiya, mai ƙamshin omo. Suna da kirki, kuma sun san aikinsu. Amma ni ba na iya zama a inuwa tare da sauran iyaye. A bakin shinge nake tsayawa, kuma da na ga kunne ya fara kwanciya sai in faɗa da ƙarfi, ko wane ne a kusa, ko malamin ne da kansa. 'Yata ta ce ina ba ta kunya. Na ce ta yi haƙuri, haka za ta yi ta ji.