Tsaga Goma Sha Ɗaya a Filafilin Kakana

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Ummaru mai fito, kuma kusan duk shekarun nan na yi su ne da laifi ɓoye a bayan rumbun gidanmu. Gwamma in faɗa da bakina, tunda rabin Bagudo ta riga ta ji. Filafilin da ya bar mini amana, icen da ya tuƙa jirgi da shi tun ba a haifi babana ba, ni na kafa shi a filin ƙwallo ya zama turken raga. Shekarata goma sha biyu a lokacin. An ci mu bakwai da ɗaya, kuma ba laifin filafilin ba ne.

Kaka Ummaru ya ƙare rayuwarsa yana fiton mutane a kogin Kwara. Ba mai yawan magana ba ne, amma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya ɗagawa kowa. Kafin ya tura jirgi sai ya tsaya ya faɗi dokokinsa: kowa ya zauna, kada a miƙe a tsakiyar ruwa, wanda tsoro ya kama ya riƙe gefen jirgi, kada ya riƙe maƙwabcinsa. Daga nan sai ya bi fasinja ɗaya bayan ɗaya da ido, kowa ya ce “to”. In mutum ɗaya bai faɗa ba, jirgi na nan. An ce ya taɓa tsayar da jirgi daga hantsi har azahar saboda wata tsohuwa da goro ya cika wa baki. Matarsa, Kaka Ige, ta ce abin bai kai shan fura ba, ni na ƙara azahar ɗin. Tana da gaskiya, amma nawa labarin ya fi daɗi.

Jirginsa kuwa kasuwa ce mai tafiya. Ga Dendawa, ga Fulani da ƙoren nono, ga Zabarmawa, ga Yarbawa masu tireda, ga Kyangawa. Da yawansu ba su jin Hausa, da hannu yake yi musu bayanin dokokin. Amma in aka zo kan “to”, ba a taɓa neman tafinta ba. Kowa ya zo da tasa daga gida. Wannan abu ne ya tsaya masa a rai shekara da shekaru: ga mutanen da ba su haɗa sunan ruwa ba, ba su haɗa sunan kifi ba, amma sun haɗa wannan 'yar mitsitsiyar kalma.

Kuma ya san ire-irenta yadda ya san duwatsun cikin kogi. Akwai gajeriya, wadda ke nufin na ji, tura mu tafi. Akwai doguwa, wadda Kaka Ige ke ja idan ta ga na nufi tukunyar miya, ita wannan gargaɗi ce, bayanta sai muciya. Akwai “to fa” ta wanda ya ga abin mamaki, da “to, to, to” ta wanda aka dama da surutu. Akwai kuma wata mai nauyi da ake ajiyewa a hankali idan an kawo labarin mutuwa. Yakan ce da jin “to” ɗin fasinja yake gane wanda zai ba shi wahala a tsakiyar ruwa.

Abokin gardamarsa a kan wannan shi ne Baba Saini, wani mai fito mutumin Dendi da ke zaune a wani ƙauyen bakin kogi can cikin Benin. Sun yi fiye da shekara arba'in suna haɗuwa a mashaya, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba sai lokacin salla. Kakana ya ce “to” Bahaushiya ce, fatake suka yi ta zubar da ita a hanyar Gwanja tare da kanwa, kowa ya tsinta. Baba Saini ya ce ƙarya ne, ta Dendi ce, ruwa ya gangaro da ita, Hausawa suka kama ta a koma kamar sauran kifi. Wata rana suka sa wata Bafulatana alƙalanci, ta ce su biyun ɓarayi ne, a ruga aka haife ta. Nan ma suka haɗu suka ƙi yarda.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai suka mai da ita aiki. Duk lokacin da suka ji wani sabon yare mai “to”, sai su yi tsaga ɗaya a ƙotar filafilin kakana. Da kaɗan-kaɗan tsaga ta kai goma sha ɗaya. Suka kuma yi alkawari cewa wanda ya riga mutuwa ya faɗi gardama, filafili ya koma hannun wanda ya rage.

Kwana uku kafin rasuwarsa ya kira ni. Yana kwance a zaure, ni kuma ina jin ihun abokaina daga fili.

“Kai, Sarkin Ƙarya, taho nan.” Sunan da yake kirana ke nan. “In na tahi, ka kai ma Saini wanga filafili. Da hannunka, ba aike ba.”

Na ce, “To.”

Ya buɗe ido ɗaya. “Wagga wace iri ce? Ta maza ko ta mai son tahiya ƙwallo?”

Na rantse ta maza ce. Ya rufe idon.

Bayan sadakar arba'in muka rasa turke ɗaya a fili, ni kuma na san inda ice mai kyau yake. Na kafa shi ta wajen ƙota, na ce kwana ɗaya ne. Ya yi damina guda a wurin. Ranar da na tuna na je na tuge shi, na tarar gara ta yi biki: ta cinye kusan taƙi guda na ƙotar, ta tafi da tsaga huɗu. Wato yare huɗu gara ta haɗiye ba tare da ta koyi ko ɗaya ba. Na ari zarto na yanke ruɓaɓɓen wurin, na sa wuƙa na sake tsaga huɗu a ƙasa. Da na ga aikin ya yi kyau sai hannuna ya ƙi tsayawa, na ƙara uku, don in taimaki kakana. Sannan tsoro ya kama ni, na cusa shi bayan rumbu. Duk wanda ya tambaya sai in ce ina jiran ruwa ya janye, ko ina jiran ruwa ya kawo.

A shekarun nan abubuwa sun canza a mashaya. Baffana ne ke fito yanzu, da jirgi mai inji. Ba ya faɗin doka, kuma ko ya faɗa ƙarar inji ba za ta bari a ji ba. Fasinja na zaune kowa ya sunkuyar da kai a waya. Da Kaka Ummaru zai leƙo, ina jin zai kashe injin ya tsaya jiran amsa, a kwana a nan. Amma da na nuna masa cikin wayoyin, da ya sha mamaki, domin kalmarsa na ciki tana yawo fiye da da. Mu yanzu har wutsiya muke sa mata, wani ya rubuta “toh”, wani “tor”, wani “tohm”. Na tabbata da ya nemi a yi wa waya tsaga, Baba Saini kuma ya ce sam, waya ba ta da ƙauye.

Na taɓa tambayar malaminmu na Hausa wa ke da gaskiya cikinsu. Ya ce babu wanda zai iya dafa littafi a kan asalinta. Irin waɗannan ƙananan kalmomi, in ji shi, yadda ake ɗibar wuta gida-gida suke tafiya, bayan an daɗe ba mai tuna murhun da aka fara hurawa. Na ji daɗin amsar don ba ta ambaci filafili ba.

Asirina ya tonu ne a farkon bana. Wata mai sayar da bandar kifi daga can ƙetare ta shigo gaida Kaka Ige, ta ce Baba Saini idonsa ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, amma duk jirgin da ya tsaya sai ya aika a tambaya ko an zo da saƙo daga Bagudo. Tana fita Kaka Ige ta juyo.

“Angona, ina filafilin tsohon mijina?”

“Ina jiran ruwa ya…”

“Tooo.”

Doguwar ce. Washegari da safe ina bayan kabu-kabu, filafili a kafaɗa, kamar mai zuwa tuƙa babur a ruwa. A kan iyaka jami'i ya dube ni, ya dubi icen, ya tambayi ina jirgin. Na ce a gaba yake. Ya ce, “To,” ya ɗaga mana hannu. Na so in tambaye shi yarensa, na fasa.

Na sami Baba Saini a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya ƙanƙance har na ga kamar zan iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Muka gaisa, ya yi wa kakana addu'a, sannan ya miƙo hannu. Hannun hagu ya miƙo, sai a lokacin na lura bahago ne. Ya ɗora filafilin a cinya, ya auna ƙotar da tafinsa.

“Ya gajarce.”

“Tsufa ne, Baba.”

Bai kula ni ba. Ya sa babban yatsa a tsagar farko ya fara bi. Kowace ya taɓa sai ya kira ta kamar mai kiran jikoki: wannan Bafulatanar da ta zage mu, wannan Banufe mai tabarmi, wannan Bayaraben da ya yi amai. Ya ƙirga bakwai. Da ya iso kan aikina sai yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya dawo, ya sake tsayawa.

“Wannan wane yare ne?”

Na ce, “Sinanci.”

“Wannan fa?”

“Shi ma Sinanci ne, na arewacinsu.”

“Ummaru ya faɗa mini sunanka, na zaci zagi ne.” Ya jawo hannuna ya ɗora yatsana a kan tsohuwar tsaga. “Taɓa da kyau. Baki nawa?”

Baki biyu ne. Shekara biyar ina kallon tsagogin nan ban gani ba. Kowace ɗaya sara biyu ce da suka haɗu a ƙasa, ɗaya ta karkato daga dama, ɗaya daga hagu. Ashe ba a yin tsaga sai su biyun sun ji kalmar da kunnensu daga bakin mai yaren. Kakana ya sara nasa gefen, ya miƙa wuƙa, Baba Saini ya sara nasa da hagunsa. Nawa guda bakwai duk baki ɗaya ne, sara ɗaya a miƙe, aikin mutum ɗaya da ba wanda ya shaida.

Sai na faɗa masa komai, da ragar, da garar, da bakwai da ɗaya. Na jira ya kore ni da filafilin. Sai ya ajiye “to” ɗin nan mai nauyi. Ya sa aka kawo masa wuƙa. Ya kira yaruka huɗun da gara ta ci, ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya faɗa da ranar kasuwar da aka ji, yana lalube yana sara gefensa a jikin nawa har suka haɗu. Ya ce hannuna ya tsaya a madadin na Ummaru, tunda jini ɗaya ne, ko da yake na Ummaru ya fi iya riƙe wuƙa.

“Sauran ukun fa, Baba?”

“Naka ne. Ka nemo masu yaren ka kawo mini in ji. Ban sara ƙarya.”

Na tambaye shi ko yanzu ya ci gardama. Ya ce da wa zai ci, mutumin ya tsere bai jira hukunci ba. Ya rungume filafilin, ya ce a ba ni abinci.

Na yi ƙoƙari, wannan kam ba ƙari. Na sami wani Ibo mai sayar da kayan babur a kasuwar Bagudo wanda ba ya rufe ciniki sai da “to”. Na naɗi muryarsa na tura wa jikan Baba Saini a waya. Amsa ta dawo da muryar tsohon: “Wannan a Bagudo ya tsince ta.” Na mayar masa cewa ai kowa ma tsinta ya yi. Jikan ya ce tsohon ya yi dariya har da tari, amma bai karɓa ba.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Kaka Ummaru, ba jirgi ba ne, don an daɗe da faskara shi. Asalin kalmar ma bai gano ba, kuma ina zaton bai damu ƙwarai ya gano ba, abokin gardamar ya fi masa amsar. Abin da na ga ya rage shi ne ɗabi'ar nan tasa ta tsayawa ya ji daga bakin mutum kafin ya tura jirgi ko ya sara ice. Ni ban gaje ta duka ba. Amma yanzu in na ce “to” a gidanmu, nakan ji kamar wani ya buɗe ido ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Baba Saini ya rasu mako bakwai bayan zuwana, ban kai masa kowa ba. 'Ya'yansa suka aiko da filafilin ta hannun mai bandar kifi, suka ce haka ya yi wasiyya. Yana rataye a ɗakin Kaka Ige, inda gara ba ta kaiwa, ni ma ba a bari in kai. Tsaga goma sha ɗaya masu baki biyu, uku masu baki ɗaya.