Jabun Riga-kafi da Muryoyin Dattawan Burtali

Assalamu alaikum, Edita. A da, idan cuta ta shiga garke a yankinmu, ni ake aikowa a kira. Na yi shekaru masu yawa ina aikin allurar dabbobi, daga rugagen Goronyo da Rabah har cikin Nijar, Kamaru da Chadi, na kuma ɗan zauna a Sudan. Yawon nan ya bar mini Fulatanci, Faransanci da Larabci, da Turancin da ya ishe ni karanta takardar magani. A wancan zamanin, cuta tana da alamar da ido ke gani: majina a hanci, ciwo a kofato, saniya ta ƙi kiwo. Yanzu na ajiye aiki na dawo gida Wurno, sai ga shi cutar da ta fi kowace girgiza ni ta zo ta allon kwamfuta, kuma ni da hannuna na buɗe mata ƙofa. Na rubuto ne don in faɗi yadda aka yi, ko wani dattijo irina zai tsira.

Bayan na ajiye aiki, na ɗaukar wa kaina wani abu da ba wanda ya sa ni. Akwai burtali kusa da Tursa da shanu ke bi zuwa gulbi, kuma kowane rani sai an yi cacar baki a kansa tsakanin makiyaya da masu noman albasa, don kowa na faɗin iyakar da ta yi masa daɗi. Sai na zaunar da wani tsohon arɗo da wani tsohon sarkin noma a tabarma ɗaya, na ɗauki muryarsu da waya suna faɗin inda burtalin ya bi tun zamanin iyayensu: gabas da tsamiyoyi biyu, ya bar tsohuwar rijiya a hannun dama, ya gangara mashaya. Sun yi ta tsokanar juna, arɗo na cewa albasa ta fi saniya ci, sarkin noma na cewa saniya ba ta san kunya ba, amma a kan iyaka bakinsu ya zo ɗaya. Dukansu biyu Allah ya yi masu rasuwa daga baya. Ɗiyata, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare, ta kwashe mini muryoyin ta zuba a kwamfutar da ta ba ni, ni kuma na goge na wayar don wuri ya cika. Ke nan kwafi ɗaya tak ya rage a duniya.

A ranin da abin ya faru, rikicin ya taso da zafi, har an kai ga ɗaga sanda. Hakimin ƙauyen ya sa ranar zama, ya aiko mini in zo da muryoyin dattawan nan a saurara. Na san abin da ke kaina. In na je da bakina kawai, manoma za su ce ai wannan mutumin Fulani ne, ya ƙare rayuwarsa a gindin shanu. Muryar sarkin nomansu ce kawai ba za su iya musu ba. Saura kwana biyar a yi zaman, na kunna na ji sautin ya yi ƙasa, ba zai kai bayan taro ba, sai na shiga intanet ina neman manhajar ƙara sauti ta kyauta. Ina cikin nema allon ya yi ja, ga hoton garkuwa, ga rubutu cewa ɗaruruwan ƙwayoyin cuta sun kama kwamfutata, in danna nan a yi mata riga-kafi yanzu.

To, Edita, kalmar nan ita ta kayar da ni. Ni da na yi rayuwata ina roƙon mutane su bari a yi wa dabbobinsu riga-kafi, na sha rana, na sha zagi, an taɓa korata daga ruga da karnuka a kan haka, ta yaya zan zama mai gudun allura? Na danna. Kwamfutar ma ta tambaye ni ko na amince wannan abu ya shiga, na ce na amince, ina jin kaina mutum mai wayewa. Daga nan ta rikice. Kowane minti sai jan allo ya fito da ƙara kamar jiniya. In na buɗe wani abu sai ya rufe. Da na leƙa inda muryoyin suke, na tarar da wurin fayau, ba ko fayil ɗaya. Sai riga-kafin ya ce cutar ce ta cinye su, amma zai dawo da su in na sa lambar katina na banki.

Kwana biyu na yi ban faɗa wa kowa ba, kuma wannan shi ne kuskurena na biyu. Kunya ta hana ni kiran ɗiyata, don ta sha gaya mini kada in danna abin da ban nema ba. Mai ɗakina ta lura ba na cin abinci, ta tambaye ni mi ya same ni, na ce zafin rana ne, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin zafin ranar da ke sa mutum ya zauna yana hararar na'ura ba. A rana ta uku na ɗauko katin na ajiye kusa da kwamfutar. Sai na ce bari in fahimci sharuɗɗan da kyau kafin in sa lamba, Turancina kuwa bai kai Faransancina ba, na ga akwai wurin sauya harshe, na sauya zuwa Faransanci.

Layi biyu na karanta na janye hannuna. A layin farko ya yi mini magana irin ta girmamawa, a na biyu ya yi mini irin wadda ake yi wa ƙaramin yaro, sannan ya mayar da kwamfuta mace, alhali a Faransanci namiji ce. Na juya shi zuwa Larabci, sai ga haruffa a warwatse, kowanne na tsaye shi kaɗai, an jero su daga hagu zuwa dama. Na taɓa ganin irin wannan rubutun. A kwalin jabun maganin tsutsa na gan shi, a wata kasuwar shanu a Chadi, inda mai sayarwa ke ihu da lasifika yana cewa duk saniyar da ba ta sha ba ba za ta kai damina ba. Nan take komai ya haɗu a kaina. Maganin gaskiya a cikin sanyi yake zuwa, da takarda, ba ya ihu, ba ya ba ka minti biyar. Wanda ya fara tsorata ka kafin ya nuna maka kwalba, shi ne cutar. Na mayar da katin aljihu, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Abin da na yi bayan nan ba daga littafin kwamfuta na samo shi ba. Dabbar da ta kamu, abu na farko a raba ta da mashaya, don haka na kashe intanet ɗin da wayata ke ba ta. Na biyu, kada ƙwaryar da ta sha a ciki ta je wani garke, don haka wani filas, ɗan abin kwasar fayil da na soka mata ranar farko, na ɗaure shi a leda na ajiye gefe. Sannan na kira ɗiyata na faɗa mata gaskiya duka. Ta yi dariya har da tari, ta ce Baba, wato likitan shanu guda aka yi wa allurar ruwan gishiri? Na ce ta gama dariyar ta zo. Da ta iso ta ji matakan da na ɗauka, sai ta daina dariya, ta ce abin da za ta fara yi ke nan, wa ya koya mini? Na ce shanu.

Ta ƙi taɓa kwamfutar, ta ce ni na shigo da shi, ni zan fitar da shi, ita bakinta kawai za ta sa. Ta nuna mini yadda ake tayar da kwamfuta ta wata hanya wadda ba abin da ke motsi sai abin da ya zama dole. Ta faɗi sunan hanyar da Turanci, ni kuwa na ce wannan ai turke ne. A kan turken nan jabun bai iya ihu ba, allon ya yi tsit. Muka bi jerin manhajoji har muka gan shi, da ranar da ya shiga a gefensa, na cire shi da yatsana. Ta ce kada in yi murna tukuna, irinsu suna barin ƙwai. Ta zo da riga-kafi na gaskiya da ta sauko da shi a tata kwamfutar mai lafiya daga shafin masu shi, muka sa shi ya bi ko'ina. Ya ɗauki lokaci daga azahar har la'asar, ya tono ragowar a wurare uku, ya kuma sami ɗaya a filas ɗin da na ɗaure. Muka share, muka sake bi, ya fito da tsabta.

Saura muryoyin. Na buɗe wurin, har yanzu fayau. Na ce mi ya rage kuma? Ta ce in yi haƙuri, yawancin irin waɗannan ɓoyewa suke yi don a firgita a biya. Ta sa na danna wurin da ke nuna abin da aka ɓoye, sai ga su sun fito a jere, dishi-dishi, ba wanda ya ɓata. Na kunna na farko. Da na ji arɗo ya yi gyaran murya ya ce bismillahi, sai na tashi na fita tsakar gida, don ban so ɗiyata ta ga idona. Kafin magariba mun kwafe su wuri uku, na canza lambobin sirrina duka. Maganar ƙara sauti kuwa, lasifikar makarantarsu ta aro mini, abin da tun farko da na tambaya da an gama.

Ranar zama na kunna a gaban hakimi da jama'a. Da sarkin noma ya ambaci tsamiyoyi biyu da tsohuwar rijiya, babban ɗansa, wanda shi ne ya fi kowa zafi a cikin manoma, ya sunkuyar da kai ya ce muryar babansa ce, ya yarda. A ranar aka bi burtalin da ƙafa aka kafa duwatsu. Bayan wata biyu wani abokina a Boyekai ya kira ni a ruɗe, jan allo ya fito wa kwamfutar ɗakin maganinsa. Na ce kada ya taɓa komai, ya raba ta da mashaya, ina zuwa. Ni kaɗai na fitar da jabun, ban kira kowa ba.

Ina nadamar dannawar nan, na fi nadamar kwana biyun da na yi shiru, don da girman kaina ya kai ni ga sa lambar katin, da labarin ya canza. 'Yan'uwana dattawa, duk saƙon da ya faɗo maku a allo yana ihu cewa kun kamu, kada ku danna, kada ku ba shi lamba, ku kashe intanet ku kira wanda ya sani, ko da ɗan da kuka haifa ne. Abin da ba ku da na biyunsa kuma, ku yi masa na biyu tun yau. Ni dai tun daga ranar ba abin da ke shiga kwamfutata sai na karanta takardarsa kamar yadda nake karanta ta magani, muryoyin dattawan nan suna ajiye a gida uku, shanu kuma suna bin gabas da tsamiyoyi zuwa gulbi.