Ranar da Na Gano Ciwon Gwaggo

Wata Asabar ce a tsakiyar daminar 2003, ina aji biyar a firamare, muka fito daga Ushafa da sassafe, mota maƙare da tukwane, za mu kasuwar Kubwa. An kwana ana ruwa, dutsen garin ya jiƙe ya yi baƙi, jar laka tana manne wa tayoyi. Ina gaba kusa da Baba, rungume da wani ƙaramin tulu da ya rasa wuri a baya. A kujerar baya kuwa Mama Ladi ce, maƙwabciyarmu 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, ta dafe wata ƙatuwar randa da ta yi mako uku tana aikinta. Da muka iso bakin kwalta Baba ya tsaya ya duba dama da hagu, ya ɗaga kuloci, ya taka totur. Sai motar ta hau karkarwa, ta yi zillo gaba sau uku kamar akuyar da ake ja da igiya, muka ji ƙwas daga baya. Randa ta rabe gida biyu. Mama Ladi ba ta yi faɗa ba, ta tattara gutsattsarin a cinyarta ta ce, "Malam, wannan mota naka yana da zazzaɓi, ka kai shi asibiti."

Gwaggo muke kiran motar, don ba ta tashi sai ta yi mita. Tsohuwar wagon ce ruwan toka, ƙofarta ɗaya sai da igiya, amma ita ce cinmu, ita ce shanmu. Baba Bazazzagi ne, tuƙin tifa ya kawo shi Abuja lokacin da ake ta gine-gine, da ya gaji ya sayi Gwaggo ya zauna a Ushafa yana kai wa mata tukwanensu kasuwa. Sun yarda da shi saboda sanyin ƙafarsa. Sukan ce ko ƙwai ka zuba wa Malam Sule a buhu zai kai maka Kubwa lafiya, shi kuwa ba abin da yake taƙama da shi a duniya kamar wannan shaida. Ni ce 'yar fari, ba namiji a gabana, don haka aikin mota ya faɗo kaina. In mun taso makaranta, ƙawayena suna 'yar gala-gala da carafke a gindin mangwaron ƙofar gida, ni ina bayan gonar doya ina yankan ciyawar da za a cusa tsakanin tukwane, hayaƙin wurin gashin tukwane yana sa ni hawaye. Ban taɓa jin haushi ba. Ƙarar tifa ta taɓa wa Baba kunne, shi ya sa yake kirana "kunnena", ni kuma in ya faɗi haka a gaban mutane kaina har wani girma yake yi.

Baba yana da hanyarsa ta gane ciwon mota. Yakan cika kofin silba da ruwa ya girke shi a gaban gilashi, ya sa ni in tuɓe silifas in kafa tafin ƙafata a ƙasan mota. "Mota ba ta ƙarya," in ji shi, "mai ita ne ba ya saurare." Ya koya mini cewa in ruwan ya yi rawa mota tana gudu, a duba taya. In ya yi rawa tana tsaye inji yana aiki, fulogi ne ko robar da inji yake zaune a kai. In kuwa sai za a tashi, ana tafiya a hankali ana ƙara wuta, to a nemi shaf, wato sandar da ke juya taya, ko kuloci. Na haddace wannan fiye da yadda na haddace jadawalin sau. Ciwon Gwaggo irin na ukun ne: a guje lafiya lau take, amma a mararraba, ko a cunkoson Dutse, ko wajen hawa 'yar tudu, sai ruwan kofi ya fantsame.

Muka fara sintirin garejin Oga Sunday a Kubwa, wani bakanike mai ƙaton tumbi wanda suka san juna da Baba tun zamanin tifa. Aka sake fulogi, ba ta daina ba. Aka sake robar inji. Aka kwance shaf aka tarar robarsa ta yage, muka yi murna an kama ɓarawo, aka sa wani, washegari tulu biyu suka fashe a mararrabar Bwari. Aka sauke giya aka sake farantin kuloci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk ran da Oga Sunday ya karɓi tuƙi don gwaji, ruwan kofi ko motsi ba ya yi, amma da Baba ya zauna sai ta dawo da halinta. Baba yakan yi dariya ya ce Gwaggo kunyar baƙo take ji. Oga Sunday kuma sai ya sosa ƙeya ya ce, "Oga Malam, no wahala, bari mu canza wani abu kuma mu gani." Kafin kaka, matan da ke layi a ƙofar gidanmu ran jajibirin kasuwa sun koma wajen wani mai a-kori-kura ɗaya bayan ɗaya. Mama Ladi kaɗai ta rage, tana ƙara ciyawa tsakanin tukwanenta.

Ran da abin ya faru, Baba ne ya ce in sauka daga kujera in duƙa a ƙasa wajen ajiye ƙafa, in manna kunnena in ji ko daga dama ƙarar take fitowa ko daga hagu. Oga Sunday yana baya, yaransa biyu suna tsaye a bakin taga. Na duƙa, warin fetur da ƙura ya cika mini hanci. Baba ya sa giya ta ɗaya. A nan ne idona ya faɗa kan ƙafarsa ta hagu. Tun kafin mota ta motsa take ɓari a kan kuloci, diddigen yana bugun ƙasa, babban yatsan ya ƙanƙame takalmi yana son ya tsai da ita ta ƙi. Tana ɗagawa tana dannawa, tana ɗagawa tana dannawa, Gwaggo kuwa tana bin abin da aka umarce ta. Wani daɗi ya kama ni, irin na ɗalibar da ta riga kowa gane lissafi. Na ɗago kai na ce da ƙarfi, "Baba, na gano! Ba Gwaggo ba ce, ƙafarka ce take rawa!"

Yaran gareji suka sulale. Oga Sunday ya sunkuyar da kai yana goge hannunsa da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa. Baba ya kashe inji, ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ɗauke shi ya zubar da ruwan ta taga. "Kin iya aiki, Rabi," ya ce. Bai ce kunnena ba. Muka koma Ushafa, ya ajiye Gwaggo a gindin mangwaro, ya ba Inna mabuɗi.

Sai daga baya na fahimci ni kaɗai ce ban sani ba. Inna ta daɗe da daina cika wa Baba kofin koko don kada hannunsa ya zubar. Ya daɗe da daina cin tuwo a waje tare da maƙwabta. Oga Sunday ya gane tun gwajin farko, ya yi ta kwance lafiyayyun kaya yana mayarwa don kada ya kalli abokinsa ya ce masa tuƙinsa ya ƙare. Mama Ladi ta sani, ta zaɓi asarar randa a kan ta kunyata maƙwabci. Shi kansa Baba ya sani, yana neman wani ƙarfe ne da zai ɗauki laifin ko da na wata guda. Manya sun haɗu sun lulluɓe abu da kara, ni na zo da bakina na yaye. Likita ya ce ciwon jijiya ne, ana lallaɓa shi amma ba ya warkewa. Karkarwar ta ƙaru a hannu, ta kai har haɓa. Gwaggo ta zauna a inda ya bar ta, tayoyi suka sace, kaji suka mai da kujerar baya akurki, ƙannena suna wasan direba a cikinta. Baba yakan sa tabarma ya ba motar baya. Bai taɓa yi mini faɗa ba har ya rasu, kuma wallahi da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu a Kubwa nake zaune, ina da 'yar motata. Kwanan baya ta fara rawa wajen tashi, na kai ta gareji, wani yaro ya jona mata na'ura, ya leƙa ƙasa, kafin in gama amsa waya ya ce shaf ne. Bai tambaye ni komai ba, bai ko dubi ƙafata ba. Haka ya fi, na sani, kuma na sha gaya wa kaina cewa da na yi shiru, wataƙila wata rana a gangaren Bwari ba randa ce za ta fashe ba. Amma da yaron ya miƙo mini mabuɗi sai na ji ina kewar garejin da mutum zai ɓata yini guda yana gyaran abin da bai lalace ba don ya rufa wa abokinsa asiri. Kofin silbar yana nan a kabad ɗina, ban taɓa shan ruwa da shi ba. Gaskiya na faɗa ranar nan, amma da na bari mun isa gida.